Tsohuwar Na'ura da Amanar Jama'a: Ina Iyakar Larura?

 

Ya ƴan'uwa masu karatu, muna so mu tattauna wata mas'ala wadda a zahiri za a ce ta masu gyaran na'ura ce, amma idan aka duba cikinta sai a tarar mas'alar amana ce. Ga yadda take. Ma'aikaci yana zaune a biro, a gabansa akwai kwamfuta, wadda a wuraren aikinmu aka fi kira ordinater. Aikin da aka ɗora masa, ko na albashin ma'aikata ne, ko rajistar marasa lafiya, ko lissafin kayan shago, ba ya buɗewa sai da wata tsohuwar manhajar shiga intanet, irin wadda ƴan boko ke kira nabigater. Kamfanin da ya yi wannan manhaja ya daɗe da shelar cewa ya janye hannunsa daga kanta, haka ma babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar baki ɗaya. In ma'aikacin ya ƙi aiki da ita, aikin jama'a ya tsaya, albashi bai fita ba, mara lafiya bai samu takardarsa ba. In kuwa ya yi aiki da ita, ya san yana ajiye asirin mutane a ɗakin da ƙofarsa ba ta kulluwa. To, shin yana da laifi? Idan ɓarna ta auku, wa zai ɗauki alhakinta?

Ma'anar janye hannu

Ba a yanke hukunci kan abin da ba a gane ba, saboda haka bari mu fara da bayanin me ake nufi da cewa kamfani ya janye hannunsa.

Duk wanda ya zauna gidan ƙasa ya san cewa ginin ba ya daɗewa sai da yaɓe. Kowace damina tana buɗe tsaga, kowace rani magini yana zuwa ya toshe. Manhaja ma haka take. Rubutu ne mai tsawon gaske wanda ɗan Adam ya yi, kuma ba ya rasa kuskure. Idan aka gano wata kafa da ɓarawo zai iya shiga ta nan, kamfanin yana aiko da faci ta intanet, na'urar ta karɓa, kafar ta toshe. Ranar da kamfani ya ce ya janye hannu, na'urar ba ta mutuwa. Tana kunnuwa, tana rubutu, tana buga takarda kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne zuwan magini. Duk tsagar da aka gano daga ranar za ta zauna a buɗe.

Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Sabuwar manhaja sau da yawa a kan harsashin tsohuwa ake gina ta. Saboda haka idan kamfani ya fitar da faci domin sabuwa, masu kutse suna nazarin facin, su gane inda kafar take, sa'an nan su je su gwada ta a kan tsohuwar da ba a yi wa faci ba. Watau gyaran da ake yi wa gidan maƙwabci shi ne yake nuna wa ɓarawo inda zai haura naka.

Ranakun kuma sanannu ne, ba a ɓoye su ba. Kamfanin Microsoft ya fito da Windows XP da Internet Explorer 6 a shekarar 2001, ya daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu 2014. Ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020. Ya yi ritayar Internet Explorer 11 ranar 15 ga Yuni 2022, kuma kulawar yau da kullum ta Windows 10 ta ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Masu sauran manhajojin shiga intanet su ma suna bin sahu: Chrome ya bar Windows XP a 2016, ya bar Windows 7 a farkon 2023.

Yadda ake faɗawa cikin wannan hali

Babu wanda ke tashi da safe ya zaɓi lalataccen kayan aiki don son ransa. Abin da ke faruwa shi ne, ma'aikata tana kashe kuɗi mai yawa a gina mata tsarin aiki a kan manhajar da ake yayi a lokacin. Shekaru su wuce, wanda ya gina tsarin ya bar aiki, kamfaninsa wataƙila ya rufe, tsarin kuma ba ya jin wani yare sai na tsohuwar manhaja. Canza shi kuɗi ne da wahala, barinsa kuwa ba ya cin ko dala a yau. Sai a bari.

Wannan bai tsaya ga ƙasashe matalauta ba. Koriya ta Kudu, duk da ci gabanta, tun wajen 1999 ta ɗaure harkar banki da sayayya ta intanet a kan wata dabara mai suna ActiveX, wadda ba ta aiki sai da Internet Explorer. Jama'ar ƙasar suka shekara kusan ashirin a ɗaure da manhaja guda, har sai da aka gyara dokar sa hannu ta intanet a 2020. A Afirka ta Kudu kuma, kamfanin Adobe ya yi shela tun Yuli 2017 cewa zai kashe manhajarsa Flash a ƙarshen 2020. Lokacin ya zo ya tarar da hukumar haraji ta ƙasar ba ta gama canza wasu takardunta na intanet ba. A Janairu 2021 masu biyan haraji suka kasa cika waɗannan takardu, har hukumar ta fitar da tata manhajar shiga intanet mai ɗauke da Flash domin aiki ya ci gaba. An ba da sanarwar shekara uku da ƴan watanni, amma aka zo ana fafar gora ranar tafiya.

Mu kuwa a nan, da yawa daga cikin na'urorinmu na hannu ne, an yi aiki da su a wata ƙasa kafin su iso kasuwanninmu. Wasu tun ranar da aka saye su kamfani ya riga ya janye hannu daga manhajar da ke cikinsu.

Abin da ya taɓa aukuwa

Kada wani ya ce tsoratarwa ce kawai. A Janairu 2010 kamfanin Google ya sanar cewa an yi masa kutse, shi da wasu kamfanoni, kuma aka gano cewa wata kafa a Internet Explorer aka bi, musamman a kan na 6. Abin ya kai hukumomin tsaron kwamfuta na Jamus da Faransa suka shawarci jama'arsu su dakata da amfani da wannan manhaja har a yi mata faci. Shiga shafi guda da aka ɗana wa tarko ya isa a ƙwace na'urar mutum.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na ranar Juma'a 12 ga Mayu 2017, lokacin da wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kama na'urori fiye da 200,000. Tana kulle duk abin da ke cikin na'ura, ta nemi kuɗin fansa dalar Amurka 300. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati. Hukumar binciken kuɗin gwamnati ta ƙasar ta ruwaito ƙiyasin cewa an soke ganin likita da aikin tiyata wajen 19,000, kuma asibitoci biyar sai da suka karkata motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Daga baya ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta asarar da fam miliyan 92.

Sai mu lura da abu biyu domin adalci. Na farko, wannan cuta ta hanyar musayar fayil tsakanin na'urori ta shiga, ba ta manhajar shiga intanet ba. Na biyu, mafi yawan na'urorin da ta kama Windows 7 ne, wanda a lokacin kamfani yana kula da shi, kuma facin da ke toshe kafar ya fito tun 14 ga Maris 2017, wata biyu kafin masifar. An aiko da magani, ba a sha ba. Darasin da ke nan shi ne sakaci ya fi tsufan na'ura ɓarna, kuma wanda ya ji a jikinsa shi ne mara lafiyar da ba shi da hannu ko kaɗan a cikin shawarar.

Mas'alar ajiya

Yanzu mu dawo kan ma'aikacinmu. Abin da ke cikin na'urarsa, sunayen mutane, lambobin asusunsu, ciwon da suke ɓoyewa, bashin da ake binsu, ajiya ce aka ba shi. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware hukuncin ajiya, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya ratsa ta kansa. Taƙaitawarsa: wanda aka ba ajiya amintacce ne, idan ta salwanta ba da laifinsa ba babu ramuwa a kansa, amma idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, to ramuwa ta hau kansa. Kuma ana auna sakaci da irin ma'adanar da ta dace da abin. Wanda aka ba buhun gero ya sa a rumbu ya yi daidai. Wanda aka ba zinariya ya sa a rumbu ya yi sakaci, ko da rumbun yana da kyau.

Idan muka ɗora mas'alarmu a kan wannan ma'auni, za mu ga cewa tambayar da ta dace ita ce: me ma'aikacin ya sani, kuma me yake da ikon yi? Bai zaɓi na'urar ba, bai gina tsarin ba, ba shi da kasafin kuɗi a hannunsa. Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Saboda haka zamansa gaban tsohuwar na'ura yana sauke aikin jama'a ba laifi ba ne a kan kansa, larura ce. Barin aikin ma yana iya zama cuta mafi girma, domin albashin ɗaruruwan iyalai ba ya jiran a sayi sabuwar kwamfuta.

Amma malaman da suka ce larura tana buɗe ƙofa, su ne kuma suka ce ana auna ta gwargwadonta. Wanda yunwa ta tilasta wa cin abin da ba ya halatta, abin da zai tsayar da rai zai ci, ba zai kafa rumfa ya gayyaci baƙi ba. A nan ne mafi yawan masu wannan hali suke zamewa. An tilasta wa mutum tsohuwar manhaja domin aiki guda, sai ka ga da ita yake buɗe wasiƙunsa, da ita yake kallon ƙwallo, ɗansa ya zo ya sa wasa, abokinsa ya zo da kile ya kwashe hotuna. Duk wannan ya fita daga larura ya shiga sakaci, kuma in ɓarna ta shigo ta nan, hujjar cewa na'ura tsohuwa ce ba ta wanke shi.

Abin da ke wuyan ma'aikaci

Ga abubuwan da muke ganin sun wajaba a kansa, kuma babu wanda ke buƙatar kuɗi mai yawa a cikinsu.

Na farko, ya keɓe tsohuwar manhajar ga aikin da ya tilasta ta, ba ya buɗe wani shafi da ita. Ko hukumar harajin Afirka ta Kudu da muka ambata, ta ɗaure manhajarta yadda ba ta zuwa ko'ina sai shafukan hukumar. Ta makara wajen shiri, amma ta san iyakar larura.

Na biyu, idan aikin na cikin gida ne, ba ya buƙatar fita waje, a yanke na'urar daga intanet ɗungurungum. In kuwa dole ta fita, a nemi masani ya taƙaita ta ga adireshin da aikin ke buƙata.

Na uku, kada a soka mata kilen da ba a san inda ya kwana ba, kada a buɗe saƙon da ba a san mai aiko shi ba, kuma kada lambar sirri ta zama abin da ake rubutawa a manna jikin allon na'ura.

Na huɗu, a riƙa kwafe bayanan a ajiye a wani wuri da ba ya haɗe da na'urar, a kuma gwada lokaci lokaci a tabbata kwafin yana buɗewa. Mai kwafi a gefe, masu neman fansa ba su da yadda za su yi da shi wajen dawo da aikinsa.

Na biyar, kuma shi ne mafi nauyi, ya faɗa wa shugabansa a rubuce, da kwanan wata, cewa ga halin da ake ciki ga kuma hatsarin da ke tattare da shi. In an yi shiru, ya sake tunatarwa cikin ladabi. Da yawa suna jin nauyin wannan, suna cewa kada a ga kamar sun fiye ƙorafi, ko kada su tono abin da ya kwanta. Amma wanda ya ga tsaga a bangon rumbun jama'a ya kama bakinsa domin kada a ce ya cika magana, ya zaɓi kwanciyar hankalinsa a kan abincin mutane. Nasiha ga shugabanni tana cikin addini. Da zarar ya faɗa, ya kuma yi iyakar abin da zai iya, nauyin ya tashi daga kansa ya koma inda ikon yake.

Wani zai ce ai komai sai da ƙaddara, shekara nawa muna aiki da ita ba abin da ya faru. Mun san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Kuma cewa ba abin da ya faru ba hujja ba ce, domin ɓarawon bayanai ba ya fasa ƙofa a ji. Yana kwafewa ya bar asalin a wurinsa, mai ajiya yana ganin komai lafiya.

Abin da ke wuyan shugaba

Shi kuwa shugaba, ko daraktan ma'aikata ne, ko mai kamfani, ko shugaban ƙungiya, hisabinsa daban ne, domin shi ne makiyayin da za a tambaya game da kiwonsa. Larurar da ke ba ma'aikaci uzuri ba ta ba shi uzuri iri ɗaya, saboda shi yana da ikon kawar da ita. Larurar da aka san ranar zuwanta tun shekaru, aka kuma zauna ba a yi komai ba, mai ita ne ya jawo ta. Idan an samu kuɗin sabuwar mota da labulen ofis, aka rasa na gyaran tsarin da ke riƙe da asirin dubban mutane, to ba rashin kuɗi ba ne, rashin ɗaukar abin da muhimmanci ne. Dokar ƙasa ma ta shigo cikin maganar, domin tun 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane, wadda ke ɗora nauyin tsare su a kan mai tattara su.

Kuma hanyoyin sauƙi suna nan. Manhajar Edge tana da wani sashe da ke buɗe tsofaffin shafukan Internet Explorer, kuma Microsoft ya ce zai ci gaba da kula da shi aƙalla har 2029, ta yadda za a iya gudanar da tsohon tsarin a kan na'urar da ake yi wa faci. Ana kuma iya rufe tsohuwar manhajar a cikin wani keɓaɓɓen ɗaki a cikin sabuwar na'ura, yadda in ta kamu da cuta ba za ta yi saurin shafar sauran ba. Amma duk waɗannan tokara ce ake yi wa bango kafin a sake gini. Wajibi ne shugaba ya sa rana, ya ware kuɗi, kuma duk lokacin da za a gina sabon tsari ya sharɗanta cewa kada a ɗaure shi da manhajar kamfani guda.

Wata hujja mai nauyi

Akwai masu cewa: me ya sa za a ɗora mana laifi, alhali kamfanonin ne suke kashe kayan da ke aiki domin su sayar da sabo? Na'ura lafiyarta lau, amma Windows 11 ya ƙi hawa kanta saboda ba ta da wani ɗan ƙaramin sashen tsaro mai suna TPM 2.0, ko don ƙwaƙwalwarta ta tsufa. Shin jefar da ita ba almubazzaranci ba ne?

Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, kuma ba ma raina ta. Mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya fi jin zafin irin wannan shawara da ake yankewa a nesa, kuma tarin na'urorin da ake zubarwa guba ne ga ƙasa da ruwa. Mu ma ba mu ce a jefar da tsohon kaya ba. Tsohuwar na'ura tana iya koya wa yara rubutu, tana iya aikin da ba ya taɓa intanet, ana kuma iya sa mata Linux, wanda kyauta ne, ana yi masa faci, kuma wasu nau'o'insa suna tafiya a kan na'ura mai rauni. Sai dai laifin kamfani, in yana da shi, ba ya sauke namu. Idan maƙeri ya sayar mana da kwado mara kyau, muna da haƙƙin yin ƙara a kansa, amma in muka sani muka ci gaba da kulle ajiyar marayu da shi, ranar da aka sace ba maƙerin kaɗai za a tambaya ba.

Kammalawa

Abin da muka fahimta a wannan mas'ala shi ne, ma'aikacin da aka tilasta wa tsohuwar manhaja yana da uzuri matuƙar ya tsaya a kan gwargwadon larura, ya kewaye na'urar da iyakar kariyar da zai iya, ya kuma sanar da na gaba da shi. Shugaban da ya ji ya yi shiru, alhakin mutanen da asirinsu zai tonu yana wuyansa. Muna kira ga duk ɗan'uwan da ke riƙe da bayanan jama'a, a likita ne, a lakwal ne, a kanti ne, ko a rajistar ƙungiyar masallaci, ya duba na'urarsa a wannan mako ya tambayi masani: shin har yanzu ana aiko mata da faci? In amsar a'a ce, ya fara da abin da ke hannunsa tun yau.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya tsare mu daga cutar da bayinsa da saninmu ko ba da saninmu ba.